Arctic MX-4: Aikin da Man Furosesa Yake Yi, da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

Arctic MX-4 mai ne mai launin toka wanda ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, da ƙarfen da ke janye mata zafi, kuma yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kasuwa, domin tun shekarar 2010 kamfanin Arctic ya fito da shi, sannan ya sabunta kwalinsa a 2019. Ana sayar da shi a cikin sirinji, daga mai giram 2 har zuwa mai giram 45, sai dai mai giram 4 aka fi samu a shagunan kayan kwamfuta. Na yi aiki da shi a kan na'urori biyu masu hali daban: kwamfutar tebur mai furosesa Ryzen 5 3600 wadda nake tace bidiyo da ita, da wata laftof ta hannu mai furosesa Core i5-8250U wadda ta soma cijewa a tsakiyar aiki. Man yana da kyau, yana da sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba ba, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba. Matsalar da nake gani ita ce da yawa daga cikin masu sayensa suna ɗora masa nauyin da ba nasa ba, su shafa shi, kwamfuta ta ci gaba da cijewa, sai su ce man ne ba shi da kyau.

Kafin a yi maganar ingancinsa, ya kamata a san aikin da aka yi shi dominsa. Saman furosesa da gindin ƙarfen sanyaya sumul suke a ido, amma dukkansu suna da ƙananan ramuka da tuddai da ido ba ya kamawa, kuma idan aka haɗa su ba tare da komai a tsakani ba, iska ce take cike waɗannan ramuka. Iska kuwa ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri. A ma'aunin da ake auna ratsawar zafi da shi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam ya haura 200, ita kuwa iska tana wajen 0.026 kacal. A da Arctic yana rubuta 8.5 a kan MX-4, wato ya ninka iska sau ɗaruruwa, amma jan ƙarfe ya ninka shi kusan sau hamsin. Abin da waɗannan alƙaluma suke nunawa shi ne aikin man bai wuce korar iska daga ramukan ba, kuma gwargwadon siririntar shimfiɗarsa gwargwadon kyawun aikinsa. Wanda ya lafta shi da kauri yana tsammanin ƙarin sanyi, shinge ya ƙara tsakanin furosesa da ƙarfen.

Yadda zafi yake haddasa cijewa ma abu ne da ake iya bin diddiginsa. Kowace furosesa tana da iyakar zafin da aka ƙera ta ta jure. Intel ya sa wa i5-8250U digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, AMD kuma ya sa wa Ryzen 5 3600 digiri 95. Da zarar ta kusanci wannan iyaka sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, idan ta ɗan huce ta sake hawa, zafi ya dawo, ta sake sauka. Ita i5-8250U tana iya kaiwa 3.4 GHz, wato ma'aunin gudun furosesa, idan tana da sarari, asalin gudunta kuma 1.6 GHz ne, kuma idan zafi ya matsa mata tana iya faɗowa ƙasa da hakan. Wannan hawa da sauka da ke faruwa cikin daƙiƙu shi ne mai kwamfuta yake gani a matsayin bidiyo mai tsayawa yana ci gaba, da sauti mai kakkaryewa, da rubutun da ba ya fitowa sai an ɗan jira bayan an danna. Babbar alamar da ke nuna zafi ne mai laifi ita ce na'urar tana fara aiki lafiya lau a mintunan farko, sai bayan ta ɗumama matsalar ta kunno kai, fanka tana ƙugi ba hutawa.

Duk da haka, alama ba hujja ba ce, kuma a nan ne nake ba da shawarar a riƙe kuɗin man tukuna har sai an auna. Manhajar HWiNFO kyauta ce, kuma a shafinta na ma'aunai tana nuna zafin kowane sashe na furosesa, da gudunsa, da wutar da yake ja, sannan tana da layuka dabam da ke faɗin dalilin rage gudu, ko saboda zafi ne ko saboda iyakar wuta. A buɗe ta, a saka kwamfutar aikin da ta saba cijewa a kansa na kamar minti goma sha biyar, sannan a duba. Idan zafi ya haura digiri 95 kuma layin zafi ya nuna an rage gudu, to maganar mai da sharar ƙura ta taso. Idan kuwa zafi yana tsakanin 70 da 80 amma gudu ya sauka, wataƙila iyakar wuta ce. Furosesa irin i5-8250U an tsara ta ne a kan wat 15, ana ƙyale ta ta zarce hakan na ɗan lokaci, galibi kusan rabin minti, sannan ta dawo iyakarta komai sanyin da take ciki, kuma babu man da zai sauya wannan tsari. Akwai kuma hali na uku da ke yawan faruwa a wajenmu, inda gudu yake maƙalewa a wajen 0.8 GHz ko ƙasa da haka alhali na'urar ba ta yi wani zafi ba. Sau da yawa caja ce sanadi, domin wasu laftof, irin na Dell, suna tantance cajar da aka jona musu ta siririn ƙarfen da ke tsakiyar kanta, kuma idan ba su gane ta ba sai su takura furosesa. Haka nan, saboda yawan ɗauke wuta, mutane da dama a kan batir suke yini, Windows kuma yana rage gudu da gangan idan an bar shi a tsarin tattalin caji.

Sauran dalilan cijewa ba su da wata alaƙa da furosesa. Laftof ta hannu da ta zo da faifan ajiya mai juyawa, idan aka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna nauyin da ke kan kowane sashe, za a iya tarar da faifan a kashi 100 cikin 100 yana fama, kuma maganinsa SSD ne, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa. Wadda take da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta ayyukan da ke buɗe, mai gigabait 4 tana iya ɗaukar Windows 11, tunda shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata, amma buɗe shafuka kaɗan a intanet ya isa ya cika ta. Wanda ya sayi mai domin ɗaya daga cikin waɗannan ya bar jaki yana dukan taiki.

Yanayin ƙasarmu ne ya sa zafin furosesa ya fi damunmu fiye da waɗanda suke gwada irin waɗannan kaya a Turai da Amurka. Gwaje-gwajen da ake wallafawa yawanci a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai ake yin su, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, zafin waje yakan kai 40, ɗakin da ba wuta kuma ba ya nisa da haka. Fanka ba ta da wata iskar da za ta hura wa ƙarfen sai ta cikin ɗakin, saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki kusan digiri ɗaya ne ya ƙaru a kan furosesa. Kafin bazara ta zo kuma, hunturu ya riga ya cusa ƙura a kowace kafa ta na'urar. Kwamfutar da ta yi aiki lafiya a watan Janairu, ta soma cijewa a ƙarshen Maris, ba lallai ne wani abu ya lalace a cikinta ba. Ɗan sararin da take da shi ne ƙura da zafin gari suka cinye.

Game da shi kansa man, abin da ya fi burge ni shi ne laushinsa. Yana fitowa daga sirinji ba tare da an matsa da ƙarfi ba, yana bazuwa da kansa idan ƙarfen sanyaya ya danne shi, kuma ba ya bin abin shafawa yana tattarewa kamar yadda wasu masu kauri suke yi. A cewar Arctic babu ƙarfe a cikin haɗinsa, ƙananan ƙwayoyin kabon aka yi amfani da su, don haka ba ya ɗaukar wutar lantarki. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a laftof, inda furosesa take tsirara ba murfi, kewaye da ƙananan kayan wuta da ba su kai ƙwayar gero ba. Idan man ya ɗan malala a kansu babu abin da zai ƙone. Ba ya kuma buƙatar lokacin nuna, da zarar an ɗaure an kunna ya kama aiki. A nan yana da kyau a bambanta shi da Arctic Silver 5, wanda sunansu yake rikita masu saye da masu sayarwa baki ɗaya. Shi wancan na wani kamfanin Amurka ne dabam, yana ɗauke da azurfa, kuma masu yin sa da kansu sun ce yana iya ɗaukar awa 200 kafin ya kai cikakken aikinsa.

Da na buɗe laftof ɗin, na raba aikin gida biyu da gangan, domin ina son sanin rabon kowane gyara. Na fara da cire wayar batir daga kan bod, wato babban allon da kayan wutar na'urar ke jikinsa, abin da bai kamata a tsallake ba ko da na'urar a kashe take, sannan na cire fanka ba tare da na taɓa ƙarfen sanyaya ba. A tsakanin fanka da siraran fallayen da iska ke bi ta fita, ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun toshe fiye da rabin hanyar. Wannan dunƙulen ba a ganinsa daga waje, kuma hura iska ta ƙofar fita ba ta fitar da shi, sai dai ta tura shi cikin fanka. Na cire shi da hantsaki, na share da buroshi mai laushi, na riƙe fukafukan fanka da yatsa yayin da nake hura iska don kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Da na mayar na auna, zafin da a da yake manne da iyaka ya sauko sosai, rage gudu kuma ya zama jefi-jefi. Wato kaso mafi tsoka na gyaran ya samu ne tun ban buɗe sirinjin ba.

Kashi na biyu shi ne canza man. Kusoshin ƙarfen sanyaya suna da lambobi a gefensu, kuma ana kwance su kaɗan-kaɗan a zagaye maimakon a cire ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure, saboda fuskar silikon, wato ainihin jikin furosesa, ba ta son nauyi ya taru a kusurwa guda. Abin da na tarar a ƙasa wani farin mai ne da wani mai gyara ya taɓa laftawa kafin na'urar ta zo hannuna. Ya bushe, ya tsattsage, yana ɓarɓashi, tsakiyar furosesa kuma kusan babu komai a kanta. Na goge fuskokin biyu da sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da ƙyallen da ba ya barin zare, har suka yi ƙyalli. Sifirit ɗin kemis yana iya yin aikin idan babu wancan, amma yana da ruwa a ciki, sai an ba shi lokaci ya bushe sarai. Fetur da ƙarfe mai kaifi ba su da wuri a nan. A kan silikon tsirara na fi yarda da a shimfiɗa man siriri ya rufe ko'ina har kusurwoyi, domin babu murfin da zai rarraba zafi, kuma duk gurbin da aka bari shi ne zai yi zafi shi kaɗai ya ja sauran sassan su rage gudu. A irin wannan furosesa akwai silikon biyu a jere, babba da ƙarami, kuma na bar ƙaramin yadda kamfani ya tsara shi. Na ɗora ƙarfen a miƙe sau ɗaya, na ɗaure kusoshi bisa jerin lambobinsu, ban ɗaga don leƙawa ba, saboda ɗagawa tana shigar da iskar da aka sha wahalar kora. Abin da aka fi mantawa a wannan mataki shi ne mayar da wayar fanka.

Bayan wannan ne rage gudu saboda zafi ya daina bayyana kwata-kwata a HWiNFO, zafin ya zauna a wajen digiri 80 a ƙarƙashin aiki mai nauyi, kuma tazarar da ke tsakanin sashe mafi zafi da mafi sanyi ta ragu zuwa 'yan digirori. Wannan tazara abin lura ce ga duk mai canza mai, domin idan wani sashe ya fi ɗan'uwansa da digiri goma sha biyar ko ashirin, yawanci ƙarfen bai zauna daidai ba ne ko man bai rufe ko'ina ba, kuma sai an sake buɗewa. Laftof ɗin har yanzu tana saukowa zuwa iyakarta ta wat 15 bayan ɗan lokaci, amma saukar santsi ce wadda ba a ji a jikin aiki. Adalci shi ne in ce kusan kowane mai na kirki da zai ba da sakamako makamancin wannan, tunda abin da aka maye gurbinsa busasshen abu ne da ya daina aiki. Bambancin da ke tsakanin manyan mayuka a gwaje-gwajen kwamfutar tebur 'yan digirori ne, alhali bambancin da ke tsakanin busasshe da sabo yana iya ninka hakan sau da dama.

A kwamfutar tebur aikin ya fi sauƙi, kuma a nan ne MX-4 ya fi dacewa. Ryzen 5 3600 tana da murfin ƙarfe, saboda haka ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya yana wadatarwa a mafi yawan lokuta, ko da yake ni na fi son in ja layi biyu masu gilma juna, saboda silikon da ke aikin lissafi a wannan zubin ba a tsakiyar murfin yake ba, ya karkata gefe guda. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne wajen cirewa. A gurbin AM4, wanda wannan furosesa take zama a ciki, siraran ƙafafun da ke haɗa ta da bod suna jikin furosesa ne, kuma tsohon mai yana iya manne ta da ƙarfen sanyaya har ta fisgo daga gurbinta ƙafafu su lanƙwashe. Maganinsa a bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintuna ta ɗumama, a kashe, a cire wuta, sannan a murɗa ƙarfen a hankali hagu da dama kafin a ɗaga. Haka kuma bai kamata mai irin wannan furosesa ya tsorata ba idan ya ga zafi yana tsalle digiri goma ya dawo yayin da ya buɗe wata manhaja. Halinta ne, ba alamar mai ya gaza ba. Wanda ya sayi sabon ƙarfen sanyaya kuma ya duba gindinsa, domin ana manna masa siririyar leda daga kamfani, kuma an sha ɗaure shi da ledar a jiki.

Rauninsa kuwa daga laushin nan da na yaba yake fitowa. Silikon da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan suka ɗauki zafi, saboda haka duk lokacin da na'ura ta yi zafi ta huce, fuskokin biyu suna ɗan motsi, kuma wannan motsi yana tura mai mai laushi daga tsakiya zuwa gefe sannu a hankali. A ƙarƙashin murfin kwamfutar tebur abin ba ya tasiri sosai, shi ya sa iƙirarin Arctic na cewa shafa ɗaya tana iya kai shekara 8 bai zama abin mamaki ba a can. Amma a kan silikon tsirara mai jan wuta da yawa, kamar laftof ɗin wasanni mai wat 45 ko fiye, ko katin hoto, wato sashen da ke sarrafa abin da ake gani a allo, sananne ne cewa mayuka masu laushi suna iya yin kyau a makonnin farko sannan zafi ya riƙa komawa sama bayan 'yan watanni. A furosesa mai wat 15 irin tawa ban ga wannan ba zuwa yanzu, amma ba zan ba mai laftof ɗin wasanni shawarar MX-4 a matsayin zaɓin farko ba, balle a garin da na'urar za ta riƙa yini a saman digiri 85. Shi kansa Arctic ya fitar da MX-6 a 2022, wanda ya fi kauri kuma ya fi jure wannan turi, ko da yake ya fi wuyar shimfiɗawa. Akwai kuma PTM7950 na kamfanin Honeywell, wanda yake zuwa a matsayin siririn falle da ake yankawa daidai girman silikon. Yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 45, ya sake daskarewa idan ya huce, kuma shi ne abin da masu gyaran laftof masu zafi suka fi yabawa. Wahalarsa ita ce ɓare ledar da ke jikinsa ba tare da ya yage ba, kuma ba kowane shago ne yake ajiye shi ba.

Ruwan ƙarfe da ake yi da galiyam, irin wanda Sony ya saka a na'urar wasanninsa PlayStation 5, ya fi duk waɗannan wuce da zafi nesa ba kusa ba, amma yana ɗaukar wuta kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya kashe na'ura. Ba na ganin dalilin da zai sa mai laftof ɗin ofis ya kusance shi. Man goge baki da wasu suke gwadawa kuwa yana da ruwa a cikinsa, yana bushewa cikin ɗan lokaci ya bar alli.

Akwai wurare biyu da man ba ya shiga, kuma ya kamata mai kai gyara ya san su don ya iya tambaya. Na farko su ne 'yan katifun roba masu laushi da ake ɗorawa a kan kayan rarraba wuta da ma'ajiyar katin hoto. Kowace tana da kaurinta, milimita 0.5 ko 1 ko 1.5, kuma an zaɓe ta ne don ta cike tazarar da mai ba zai iya cikewa ba. Idan aka cire ta aka maye da mai, wannan sashen ya rasa hanyar fitar da zafi; idan kuma aka saka wadda ta fi kauri, sai ta ɗaga ƙarfen gaba ɗaya ya daina danne furosesa. Na biyu shi ne bututun jan ƙarfe da ke ɗaukar zafi daga furosesa zuwa bakin fanka. A cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi a ɓangaren zafi, ya koma ruwa a ɓangaren sanyi, ya dawo. Idan bututun ya huje ko ya lanƙwashe da yawa, wannan zagaye ya tsaya, kuma ana gane hakan idan furosesa tana digiri 90 da wani abu amma iskar da fanka ke fitarwa da sanyinta. A wannan hali sai dai a nemi wani bututun. Mai gyaran da ya san aikinsa zai nuna wa mai kaya zafin na'ura kafin gyara da bayan gyara, zai kuma faɗi sunan man da ya shafa ba tare da an yi ta ja da shi ba.

Wajen saye, kada a ruɗu da lambar da aka buga a kwali. Akwai mayuka marasa suna da ke iƙirarin 12 ko 15 a ma'aunin nan na ratsawar zafi a kan farashin da bai kai rabin na MX-4 ba, kuma babu wata hanya guda da aka tilasta wa kamfanoni su bi wajen aunawa. Arctic ma ya daina buga wannan lamba a kan mayukansa, yana mai cewa alƙaluman da ake yayatawa a kasuwa sun daina nuna gaskiyar aiki, kuma a ganina matakin ya yi daidai. Abin da ya fi dacewa a damu da shi shi ne jabu, domin shaharar MX-4 ta sa ana kwaikwayon sirinjinsa da kwalinsa. Kwalayen yanzu suna zuwa da lambar tantancewa wadda ake dubawa a shafin kamfanin, kuma ya fi kyau a duba ta tun ana tsaye a shago kafin a biya. Sirinjin da aka miƙo ba kwali, ko wanda farashinsa ya yi arhar da ta wuce hankali, gara a bar shi.

Giram 4 ya yi wa mai kwamfuta ɗaya yawa, domin zai iya shafa furosesa fiye da goma, don haka ko dai a ɗauki mai giram 2 idan an samu, ko a haɗa kuɗi da abokin aiki. Mai shagon gyara ko mai cibiyar kwamfuta da ke da na'urori da yawa shi ya kamata ya nemi mai giram 20. Ragowar ba ta lalacewa da wuri idan an mayar da murfin da kyau an ajiye a inuwa, nesa da taga da cikin mota. Idan an daɗe ba a buɗe ba, a fara matsa ɗan kaɗan a kan takarda. Idan ruwa-ruwa mai sheƙi ne ya fara fitowa a zubar da shi har asalin man mai toka ya biyo, idan kuwa duk abin da ke ciki ya rabu ko ya yi tauri, a sayi sabo.